Ina Ƙoshiya, Ina Kwarkwaro? Sunayen Kayan Ɗinki Da Saƙa A Nguru Da Gashuwa

Duk wanda ya taɓa kwana a Nguru ko Gashuwa cikin watan Disamba ko Janairu ba ya bukatar wani ya ba shi labarin hunturu. Iska ce take tasowa daga hamada ba abin da ya tare ta, ta zo ta tarad da ruwan fadama a kwance, su haɗu su auka wa talaka da asuba. A wannan lokaci ne kasuwar 'yan gwanjo take ci sosai, kowa yana tonon dila yana neman suwaita daidai kuɗinsa. A lokacin ne kuma matan da suka iya saƙa a cikin gidaje suke samun ɗan abin sabulu, domin babu mai jegon da za ta yarda ta fita da jariri ba hular ulu da safa.

In mai karatu ya tsaya ya dubi irin suwaitocin nan da ake zubewa a bakin kasuwa, zai ga wani zane yana yawan maimaituwa, watau tauraro mai tsini takwas, fari a kan baƙi ko a kan shuɗi, an jera shi a ƙirji da kafaɗa. Wannan zane yana da suna, yana da gari, har an san yarinyar da ta fito da shi fili. Garin shi ne Selbu, a ƙasar Norwe, can arewacin Turai inda ƙanƙara ke rufe ƙasa wata da watanni. Yarinyar kuwa sunanta Marit Emstad, wadda a shekarar 1857, tana 'yar shekara 16 ko kusa da haka, ta saƙa safar hannu da zare iri biyu, fari da baƙi, ta sa wannan tauraro a kai. Zanen ya girme ta, amma daga hannunta ne ya bazu cikin garin, saƙar ta zama sana'ar da ta riƙe gidaje da yawa, har yau kuma mutanen ƙasar suna kiransa furen Selbu. Galibin waɗanda suke isowa gare mu ma ba a Norwe aka saƙa su ba, inji ne ya kwaikwaya a wata ƙasa, amma sunan yana nan bai ɓace ba.

To, abin da ya sa na ɗauko wannan zance daga nesa shi ne in yi tambaya a gida. Mu da muka gaji aska takwas da tambari da gidan biki, mu da kakanninmu suka tufatar da mutane tun daga Kano har gaɓar Tafkin Chadi da bayan hamada, yaranmu nawa ne a yau za su iya nuna waɗannan zane-zane a jikin riga su faɗi sunansu?

Bari mu fara da aro, domin nan ne masu kishin harshe suka fi tada jijiyar wuya, alhali kuwa ba nan ciwon yake ba. Bahaushe bai taɓa jin kunyar aron kalma ba a sana'ar ɗinki. Allura Larabci ce, almakashi Larabci ne, haka aljihu da alharini da alkyabba. Wannan "al" da ke gabansu a wurin Balarabe harafi ne dabam da ake liƙa wa suna, amma da kalmomin suka zo bakinmu sai muka haɗiye su gaba ɗaya, ƙashi da tsoka. Yau wa zai ce da tsohuwa a Nguru allura baƙuwa ce? Sai ta ce ya je a duba kansa. Da Turawan Ingila suka zo kuma aka sake wani zubin: tela, yadi, inci, kwat, shat, siket, singileti, kwala, leshi, zif, suwaita, ulu, kwarashi. Ita kwarashi ma Turawan Ingila aro suka yi daga Faransanci, inda asalinta yake nufin 'yar ƙugiya, kuma duk wanda ya ga abin saƙar ya san ba a yi ƙarya ba.

Akwai wani abin dariya a nan. Tsakanin Ingila da Faransa akwai wasu ƙananan tsibirai biyu maƙwabtan juna, Jersey da Guernsey, waɗanda masuntansu suka yi suna wajen saƙa rigunan sanyi. Mutanen Norwe suka ari sunan na biyu suka lanƙwasa shi ya zama "genser", ita ce kalmarsu ta suwaita har gobe. Mu kuma muka ari na farko ta hanyar 'yan ƙwallo ya zama jesi. Ashe su ma, da duk tinƙahonsu da saƙa, ba su tsira daga aro ba. Ulu da muke faɗi daga Turanci ne, su kuma a nasu harshe "ull" suke cewa, domin harsunan biyu 'yan ɗaki ɗaya ne tun asali.

Mutanen da suka ari waɗancan kalmomi sun yi abin da hankali. In abu ya zo babu irinsa a gida, sai su karɓi sunansa su gyara shi ya zauna a harshe. In kuwa akwai kalmar gida da za ta ɗauka, sai su ɗora mata. Dubi keke. Da injin ɗinki na kamfanin Singer da ire-irensa suka shigo, ba a tsaya neman sunan Turanci ba, aka ce keken ɗinki, kamar yadda aka ce keken hawa da keken rubutu, daga baya aka sami keken saƙa. Wannan aiki ne na mutanen da suka riƙe harshensu da kyau.

Yadda baƙin kalmomin nan suka iso arewacin Yobe ba ɓoyayye ba ne. A shekarar 1930 ne hanyar jirgin ƙasa daga Kano ta kai Nguru ta tsaya, garin ya zama ƙarshen dogo. Gyaɗa da fatu da ƙaro da shanu da busasshen nama suka riƙa tafiya kudu, akoko da alawayyo da atamfa da kekunan ɗinki suka riƙa zuwa arewa, daga nan fatake su wuce da su Gashuwa da Gaidam da Machina da cikin ƙasar Nijar. Teloli daga Kano da ƙasar Yarabawa suka biyo dogon suka kafa rumfuna. Kafin wannan lokaci, a ƙasar Barno, wadda Nguru ta kasance mazaunin Galadimanta, ƙyallen saƙar hannu da Barebari ke kira gabaga kuɗi ne sosai, da shi ake ciniki a kasuwa. Watau masaƙi a wancan zamani, in an so a faɗa, shi ne mai buga kuɗi. Harkar jirgin ta ja baya ƙwarai, masaƙun zamani na Kaduna da suka fara aiki a 1957 su ma sun rufe ɗaya bayan ɗaya tun farkon shekarun 2000, yadin da ake yankawa a yau yawancinsa daga Sin yake zuwa. Amma teloli sai ƙaruwa suke yi, kusan babu layin da za ka bi a Nguru ko Gashuwa ba ka ji ƙarar keke ba.

Kwanan baya na zauna a rumfar wani tela a Gashuwa ina jiran a ƙarasa mini ɗinki, sai na ji maigidan ya ce da yaronsa, "Kai, ɗauko tef ka duba, in ka gama kotin ka sa gam a kwala, ka kai wibin, sa'an nan ka canja bobin ɗin nan." Na ƙirga a zuciyata, kalmomin aro sun fi biyar a numfashi guda. Wani dattijo da ke gefe, wanda aka ce mini tsohon maɗinkin hannu ne, ya yi murmushi ya ce, "Ɗan nan, wannan wibin da kuke faɗi, mu dajiya muka sani." Yaron ya ce, "Baba, ai wannan na da ne." Na tambayi yaron ko ya san kwarkwaro, ya ce bai taɓa ji ba. Ƙoshiya fa? Ya ce ko ta tuwo nake nufi.

Ga inda ciwon yake. Kwarkwaro shi ne ɗan karan da masaƙi ke naɗe zare a jikinsa ya sa cikin ƙoshiya, ƙoshiya kuwa ita ce 'yar katakon nan mai kamar jirgin ruwa da yake jefawa tsakanin zaren tsaye. Abin da ke ƙarƙashin keken ɗinki aikinsu ɗaya sak: ɗan abin naɗe zare, da gidan da yake zaune a ciki. Da an ce musu kwarkwaro da ƙoshiya da an huta, amma sai aka ce bobin da shatil, aka bar na gida suka mutu a tsaye. Ita kuwa wibin abin ya fi ban takaici, domin a Turancin asali kalmar saƙa take nufi, ba ta da wata alaƙa da gyaran bakin ƙyalle. Mun jefar da dajiya da kalmasa, waɗanda kowacce ta san aikinta, mun ɗauki kalmar da ko a gidansu ba wannan aiki aka ba ta ba. Kayan aro dai an ce ba ya rufe katara.

Kuma ba kalma ɗaya ko biyu ba ce. Tun daga auduga har zuwa riga, kowane mataki yana da sunansa. A gurza auduga a kan magurji a fid da angurya, a yi shiɓa da baka har ta yi laushi, mai kaɗi ta shafa alli a yatsa ta murza mazari. In ta so siriri mai ƙarfi ta fid da zare, in ta so mai kauri mai taushi ta fid da abawa. Masaƙi ya yi wadari, ya zura zaren cikin allera da matsefi, ya ɗaure ƙarshensa ga kunkuru ya aza masa dutse, yana saƙa yana jawo shi. Abin da ya saƙa a naɗe shi ya zama zugu. In za a rina a kai marina a tsoma cikin baba, in ya bushe a kai mabuga. Daga nan ake samun fari da saƙi da barage da tsamiya da kore, ban da gwado da luru na rufa, waɗanda su ne maganin hunturu kafin zuwan bargon kanti. Duk waɗannan sunaye, yaron da aka haifa bayan shekarar 2000 in ya san uku a ciki ya yi ƙoƙari.

Babbar riga kuwa ita kanta makaranta ce. Ba mutum ɗaya yake yin ta ba. Akwai mai haɗa ƙyallaye, akwai mai zane, wanda sau da yawa malami ne ko almajiri domin hannunsa ya saba da alƙalami da tawada, akwai mai aikin allura da zai share watanni yana bin zanen, akwai mai sa shafi a ƙasan riga. A jikin aljihu ake jera asake, waɗannan dogayen zane masu tsini, shi ya sa ake cewa aska biyu ko aska takwas. Ga tambari a zagaye a ƙirji da baya, ga gidan biki, ga linzami da sharaba a wuya. Akwai girke, akwai tokare, akwai malum-malum wadda aiki ya rufe ta gaba da baya, akwai 'yar Dikwa wadda sunanta kaɗai ya isa ya gaya maka daga gabas ta fito. Wando ma haka: buje, tsala, mai kamun ƙafa, kowanne da hantsarsa da ƙubakarsa da zariyarsa. Wani Bature mai suna David Heathcote, wanda ya koyar a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, ya share shekaru yana bin maɗinka yana rubuta waɗannan abubuwa, har ya shirya nunin kayan fasahar Hausawa a birnin Landan a 1976. Aikinsa da Turanci yake, yana ajiye a ɗakunan karatu, telan Gashuwa bai san da shi ba, kuma ba laifinsa ba ne.

Wani zai ce, to mene ne? Sana'a ta sauya, kalma ta bi ta, ina abin kuka? Da ma a ce abin ya tsaya ga daɗin baki ne da sai mu yi shiru. Amma akwai kuɗi a ciki. A yau duk wani ado da ke wuyan riga ko kaftani suna ɗaya gare shi, "dizayin". Wanda inji mai kwamfuta ya buga cikin minti talatin dizayin ne, wanda dattijo ya yi wata biyu yana tsaga ido a kai shi ma dizayin ne. Mai saye da bai san bambancin suna ba ba zai san bambancin farashi ba, sai ya taya aikin hannu da kuɗin aikin inji, in aka ƙi ya ce an cika tsada. Mai aikin hannu ya gaji ya ajiye allura, ɗansa ya ga ba riba ya tafi acaba. Haka nan rigimar da ake yi kowace jajibirin Salla tsakanin teloli da masu kaya, ba duka ba ce ta rashin cika alkawari. Mutum ya zo ya nuna hoto a waya ya ce "irin wannan", tela ya ce to, babu wanda ya ambaci sunan wuya ko na hannu ko irin kalmasar da ake so. Ranar karɓa a yi ta tufka da warwara.

Hula ce kaɗai ta tsira, kuma dalilin tsirarta abin lura ne. Har yanzu saurayi a Nguru zai bambance maka zanna bukar da damanga da bangwal da kindai da ƙube da mu-haɗu-a-banki, ya gaya maka wadda ta fi wata daraja, ya biya kuɗin ba gardama. Garin Bama ya yi suna a wannan ɗinki har aka san hula da sunansa, kuma da 'yan Boko Haram suka ci garin a 2014, mutanensa da suka yi hijira zuwa Maiduguri da allura da zare da yawansu suka ci da kansu a sansanoni. Sunayen huluna sun rayu domin masu saye sun san su, kasuwarsu kuma ta rayu domin sunayen suna nan. Abin da babbar riga ta rasa ke nan.

Mu koma Norwe mu ga yadda suka yi da nasu. Ƙasa ce da mutanenta ba su kai miliyan shida ba, watau Jihar Kano kaɗai ta ninka su. Yawancin 'yan Nijeriya abin da ya haɗa su da ita shi ne busasshen kifin nan mai tauri kamar itace da 'yan'uwanmu na Kudu ke kira okporoko ko panla, ko da yake mutumin Gashuwa da ya saba da bandar kogin Yobe ba zai ga abin marmari a ciki ba. Sun yi ɗaruruwan shekaru ƙarƙashin Denmak har zuwa 1814, harshen rubutu da na coci da na kotu duk na Denmak ne, maganar ƙauye kuwa ana ganinta ta gidadawa. Sai wani ɗan manomi mai suna Ivar Aasen ya tashi a 1842 ya riƙa bin ƙauyuka da tsaunuka, yana zama da manoma da masunta da mata masu kaɗi yana rubuta kalmominsu. Ya fid da nahawu a 1848, ya fid da ƙamus a 1850, kuma a 1885 majalisar ƙasar ta daidaita matsayin wannan rubutu da wancan na birni. A 1910 aka kafa ƙungiyar sana'o'in hannu ta ƙasa baki ɗaya, wadda har yanzu take koyar da saƙa da ɗinki.

Amfanin wannan ya fito a fili. Inda Bahaushe yake da kalma ɗaya, saƙa, wadda ta ɗauki aikin masaƙa da na tsinke da na kwarashi da na tabarma da na taru, su suna da "veve" don saƙar masaƙa, "strikke" don ta tsinke biyu, "hekle" don ta kwarashi, ɗinki kuma "sy". Kowane ƙulli da ke kan tsinke "maske" ne. In an ɗauko zaren ta gaba "rett" ne, in ta baya "vrang". Akwai kalmar ɗora ƙulli na farko, akwai ta ƙari, akwai ta ragi, akwai ta zagaye. Da waɗannan kalmomi ƙalilan ake rubuta yadda za a saƙa riga tun daga ƙugu har wuya a takarda guda, mace a ƙauyen da ke nesa ta saya ta karanta ta saƙa ba tare da ta taɓa ganin mai zanen ba. Zanen da suke kira Marius, mai launin ja da fari da shuɗi irin na tutarsu, wata mata ce Unn Søiland ta tsara shi a 1953, kuma takardarsa na cikin waɗanda aka fi saya a ƙasar. Suna da wata rigar daga kwarin Setesdal mai ɗigo-ɗigon fari a kan baƙi, sunanta "lusekofte", ma'anarsa rigar ƙwarƙwata. Ba su ji kunyar sunan sun sauya shi da na Turanci ba, yadda mu ma kakanninmu ba su ji kunyar haɓar kada ba.

Har gwanjonsu ma sun mai da shi makaranta. Wata mata mai suna Annemor Sundbø ta karɓi wata ma'aikata a 1983 inda ake yayyaga tsofaffin rigunan ulu don a sake amfani da su. Da ta ga tulin tsummokin, sai ta riƙa tsince waɗanda ke da tsohon zane tana ajiyewa, daga baya ta rubuta littattafai a kansu. Tsofaffin rigunan saƙi da tsamiya nawa ne suke cikin adakokin gidajen sarauta da na malamai a Nguru da Gashuwa da Machina, asu na cinsu?

Matan da ke koyon saƙar ulu a wurinmu ba su da irin wannan takarda. Sana'ar ta shigo ta ajin koyon aikin gida a makarantun 'yan mata da cibiyoyin mata, ta ƙara yaɗuwa zamanin shirin kyautata rayuwar matan karkara na Maryam Babangida daga 1987, amma har yau da ido ake koyonta, hannu a kan hannu. Wadda ta so sabon zane sai ta nemi bidiyo a intanet da Turanci, in ba ta ji ba ta yi ta kallon yatsun mai yi tana lalube. Alhali kalmomin da za a rubuta mata da Hausa suna nan kusa da ita. Masuntan Gashuwa da ke saƙa taru da koma sun daɗe suna cewa ido, ƙaramin ido, babban ido, kuma abin mamaki ita ma "maske" ta mutanen Norwe tana nufin idon taru. Ɗora ido arba'in, saƙa gaba biyu baya biyu, rage ido ɗaya a kowane zagaye: wace mace ce ba za ta gane wannan ba?

Sai dai kafin mu Hausawa mu cika kuka, ya kamata mu tuna a Nguru da Gashuwa mu ne kura. Abin da Turanci yake yi wa Hausa a rumfar tela, shi Hausa take yi wa Badanci da Manganci a cikin gida. Gashuwa mazaunin Mai Bade ce, Nguru ƙasar Mangawa ce, amma yaran da ke tasowa a cikin garuruwan biyu da yawansu Hausa ce a bakinsu, kalmomin kaɗi da saƙa da rini na iyayensu kuwa su ne na farkon tafiya, domin sana'ar ta riga ta tafi. Babbar riga a wurin Babarbare kulwu ce, tana da ire-irenta da sunayensu. Marigayi Farfesa Russell Schuh na Jami'ar Kalifoniya a Amurka, tare da Farfesa Alhaji Maina Gimba da wasu 'yan ƙasa masu jin harsunan, sun yi aikin tattara kalmomin harsunan Yobe, aka buga ƙamusoshin Badanci da Ngizimanci da Bolanci da Karekare da Ngamo a Potiskum a 2004, Badanci ma guda biyu, na Gashuwa da na yamma. Aiki ne mai girma, amma ƙamus ne na harshe gaba ɗaya, ba na sana'a ba. Haka namu na Hausa, tun daga na Bargery na 1934 har zuwa na Jami'ar Bayero na 2006: kalmomin suna ciki, amma a warwatse bisa tsarin abacada, ba hoto, sai wanda ya riga ya san kalma ne zai iya nemo ta.

Makaranta kuwa kada a sa rai da ita da wuri. Manufar ilmi ta ƙasa ta 1977 ta ce a fara koyar da yaro da harshen uwa, a 2022 aka ƙara wa'adin zuwa ƙarshen firamare, sai ga shi a watan Nuwamba na 2025 Ministan Ilmi ya ba da sanarwar an soke, a koma Turanci tun daga ajin farko. Ko lokacin da dokar take nan ma a takarda ta fi zama. In lissafi da kimiyya ba su sami shiga da harshen gida ba, ina ga allura da zare?

Saboda haka aikin ya rage ga mutanen wurin, kuma ba aiki ne na miliyoyi ba. Gashuwa tana da Jami'ar Tarayya tun 2013, tana da Kwalejin Ilmi ta Umar Suleiman da ta daɗe tana yaye malamai, Nguru tana da Kwalejin Ilmi da Nazarin Shari'a. Kowace shekara ɗalibai suna rubuta kundin kammala karatu, da yawa a kan batutuwan da aka riga aka tatse. Me zai hana a tura goma daga cikinsu, maza wurin tsofaffin maɗinka da masaƙa da marina, mata cikin gidaje wurin tsofaffin da suka yi kaɗi, kowa da wayarsa ya ɗauki hoto da murya? A jera kalmomin a shafi huɗu, Hausa da Badanci da Manganci da Turanci, kowace da zanenta a gefe, a buga ɗan littafi mai arha da za a rataye a rumfa. Ƙungiyoyin teloli, waɗanda suke da ƙarfin tara kuɗin mako da sasanta rigima, suna iya sa shi cikin sharaɗin yaye yaro: kafin a ba shi keke ya nuna sassan babbar riga ya faɗi sunansu. Fadar Mai Bade da ta Sarkin Nguru kuwa su ne suka fi kowa tsofaffin riguna, kuma in suka kira dattijo ba zai ƙi zuwa ba. Abin da ke da gaggawa shi ne waɗanda suka yi wannan sana'a da hannunsu kafin zuwan inji yanzu sun haura shekara saba'in.

Kafin hukumomi su motsa, wannan fili a buɗe yake. Duk mai karatun da yake da tsoho ko tsohuwa a gida da suka taɓa riƙe mazari ko ƙoshiya ko allurar aikin riga, daga Nguru ne ko Gashuwa, Zariya ko Kura, Sakkwato ko Damagaram, ya zauna da su ya rubuto mana kalmomin, ya faɗi garin da harshen da abin da kowace take nufi, in da hali ya haɗo da hoto. Za mu riƙa buga su a nan kamar yadda suka iso, mu fara da na kaɗi da saƙa.